DAGA WAYA ZUWA TAKARDA: YADDA ZANEN 'YA'YANMU ZAI ZAMA SANA'A

Duk malamin makarantar da ya taɓa tattara littattafan yara domin dubawa a nan N'Djamena, ya san abin da ake tararwa a shafin baya. A zamaninmu, mota ce da jirgin sama da ɗan ƙwallo. Yau kuwa, sai ka ga Naruto da Goku da Luffy, wato jaruman labaran zane na ƙasar Japan, an zana su kamar su yi magana. Da yawa daga cikin yaran nan ma sun aje biro sun koma waya, suna zane da yatsa ko da ɗan alƙalamin roba, a cikin manhajoji irin su ibisPaint da MediBang, masu kwamfuta kuma su yi da Krita wadda kyauta ce.

Iyaye da dama suna ɗaukar wannan a matsayin shiririta da ɓata lokaci. Su kuma yaran suna ɗauka cewa da zarar abokai sun yaba musu a Facebook, to, sun gama ƙwarewa. Mu da muke tsakanin ɓangarorin biyu, muna ganin kowanne akwai abin da ya ɓace masa. Wannan abu yana da kasuwa, har da masu ci da iyali da shi. Amma ba a ɗora abin da ke cikin waya a kan teburi a sayar. Sai an sauke shi a takarda, kuma saukewar nan ilmi ce mai zaman kanta.

Wanda ya san Kano ya san cewa in an tsamo yadi daga marinar Ƙofar Mata, aiki bai ƙare ba. Sai an kai shi mabuga, an buge shi har ya yi sheƙi, sannan ya shiga kasuwa da daraja. To, haka zane yake. Shi ma darajarsa tana ga bugu.

INA KASUWAR TAKE?

A ƙasashe da yawa, masoya littattafan labari cikin zane da finafinan katun suna yin taro shekara-shekara. A irin wannan taro akan keɓe layi guda na teburori domin ƙananan masu zane, kowa ya baje abin da ya buga: manya da ƙananan hotuna, katuna, da ƴan littattafai. Mafi girma a cikinsu shi ne Comiket na birnin Tokyo, wanda aka fara a shekarar 1975 da ƙungiyoyi 32 da mutane wajen 700. A watan Disamba na 2019, mutane kimanin 750,000 ne suka halarce shi cikin kwana huɗu. A Faransa akwai bikin Angoulême wanda aka fara a 1974.

Kada mai karatu ya ce ai wannan harkar Turawa ce da ƴan Japan. A Aljeriya an fara bikin FIBDA a 2008. A Kamaru, wadda gadar Ngueli ce kawai tsakaninmu da ita, an fara bikin Mboa BD a 2010, ana yin sa a Yawunde da Duwala. A Legas, Ayodele Elegba ya kafa Lagos Comic Con a 2012. A Barazabil kuma, wata mai zane, Joëlle Épée Mandengue, ta kafa Bilili BD a 2016.

Ita ma Chadi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Masu zanen ƙasar nan sun taɓa haɗa kansu a ƙarƙashin ƙungiyar Atelier Bulles du Chari. Adjim Danngar, haifaffen Sarh wanda ya koma Faransa da zama, ya fitar da littafinsa Djarabane a kamfanin Delcourt a 2023, kuma labarin wani yaro ne ɗan Chadi mai burin zama mai zane.

Kafin ɗanmu ya kai Legas ko Yawunde, akwai inda zai fara a nan gida. Akwai Institut Français da Cibiyar Al-Mouna da Gidan Al'adu na Baba Moustapha, inda akan yi nune-nunen ayyukan fasaha. Akwai bikin Dary da aka fara a ƙarshen 2018. Akwai bukukuwan ƙarshen shekara na makarantu, da hidimomin Sallah. Duk inda jama'a suka taru da ɗan kuɗi a aljihu, teburi ɗaya ya isa a gwada.

ME YA SA HOTO KE MUTUWA A TAKARDA?

Kukan da muka fi ji daga bakin yara shi ne: «Malam, a waya yana da kyau, amma da aka buga sai ya yi duhu.» Nan da nan sai a ɗora wa mai shago laifi. Sau da yawa ba laifinsa ba ne.

Dalili shi ne, fuskar waya fitila ce. Tana haɗa launuka da haske iri uku: ja da kore da shuɗi. In an haɗa su duka sai a sami fari. Ita kuwa takarda ba ta da hasken kanta, sai wanda ta ara daga rana ko ƙwan lantarki. Injin bugu yana aiki da tawada huɗu: shuɗi mai haske, da ja mai garai-garai, da ɗorawa, da baƙi. Shi ne abin da ma'aikatan maɗaba'a a nan suke kira CMJN da Faransanci, ƴan Najeriya kuma su ce CMYK. Ita tawada, ƙara ta ƙara duhu ne. Saboda haka akwai launukan da waya ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya kaiwa, musamman kore mai walƙiya, da shuɗi mai kaifi, da ruwan goro mai ƙuna.

Wannan ya fi shafar mu fiye da kowa, saboda abu biyu. Na farko, launin fatarmu. In yaro ya zana baƙin mutum da waya mai cikakken haske, zai ga goshi da kumatu da inuwar wuya duk sun fito. Da an buga, sai fuskar ta dunƙule ta zama baƙin tabo, ido da haƙora kaɗai ake gani. Na biyu, shuni. Rawani ko babbar riga mai launin baba, in ba a kula ba, sai ta fito ruwan makuba ko kuma baƙa ƙirin.

Maganin abin ba mai tsada ba ne. A rage hasken waya ko kwamfuta zuwa kamar rabi lokacin da ake gyara launi. A ɗan ƙara wa wuraren inuwa haske fiye da yadda ido ke so. Sannan a juya hoton zuwa fari da baƙi na ɗan lokaci a duba: in har ana iya bambance fuska da riga da bango ba tare da launi ba, to, zai tsira a takarda. In kuwa sun cakuɗe, launi ba zai cece shi ba.

A AUNA KAFIN A YANKA

Abu na biyu shi ne girma. Kowane hoton waya ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera. Domin bugu ya fito sumul, ƙa'idar da maɗaba'u ke bi ita ce ɗigo 300 a kowane inci, wato a kowane santimita 2.54. Takardar A4 tana da faɗin santimita 21 da tsawon 29.7, don haka tana bukatar hoto mai ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Takardar A3, wadda ta ninka ta, tana bukatar 3508 da 4961.

To, yawancin yara suna buɗe shafin zane mai faɗin ɗigo 1080, domin shi ne ya dace da fuskar waya. In aka bi ƙa'idar da muka faɗa, wannan hoto ba zai wuce faɗin santimita 9 da ɗan ɗoriya ba. In aka tilasta masa ya cika A4, sai layuka su yi kaushi kamar bakin zarto. Tela yana iya rage riga in ta yi yawa, amma ba ya iya ƙara yadin da babu. Saboda haka tun ranar farko ake zaɓen girman takarda, kafin a ja layi ko ɗaya. In waya ba ta da ƙarfin ɗaukar A3, a tsaya a A4 ko A5, ba abin kunya ba ne.

Bugu da ƙari, a bar rarar milimita 3 a kowane gefe, wato zanen ya ɗan zarce inda za a yanke, domin wuƙar yanka takarda takan ɗan kauce. Kada kuma a sa fuska ko rubutu ko sa hannu dab da baki.

Sai batun kai hoton wurin bugu. Nan ne ake yawan yin asarar aikin wata guda cikin minti ɗaya. In aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba tura hotunan biki, manhajar tana matse shi ta zubar da ɗigo masu yawa. A tura shi a matsayin fayil, ko a sa shi a filash a kai da hannu. A adana shi a tsarin PNG ko TIFF ko PDF. Shi JPEG, duk lokacin da aka sake adana shi sai ya ɗan rage kyau. Kuma a riƙa aje kwafin asali a wuri biyu, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

IDON MAI SAYE

Mai kallon waya daƙiƙa biyu yake yi ya wuce. Wanda ya sayi hoto kuwa, bango zai kafa shi, ya riƙa ganinsa safe da yamma. Duk kuskuren da ya ɓuya a ƙaramar fuska, a takarda zai fito fili. Don haka kafin bugu, mai zane ya zauna ya yi wa aikinsa binciken ƙwaƙwaf.

Ya juya hoton hagu zuwa dama kamar a madubi; nan take zai ga idon da ya fi ɗan'uwansa tsawo, ko haɓar da ta karkace. Ya ƙirga yatsu. Ya faɗaɗa hoton ya bi shi lungu-lungu, ya share ɗigon da ya ɓata, ya cike ƴan fararen ramukan da ke tsakanin layi da launi. Ya rage shi ya koma kamar kan sarki, ya gani ko har yanzu ana gane abin da aka zana, domin daga nesa mai saye zai fara hango shi a cikin cunkoso. In akwai rubutu, da Hausa ko Larabci ko Faransanci, a ba wani ya duba, kuma a tabbata ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, domin ba kowane salon rubutun kwamfuta ne ya san su ba. Daga nan ya aje aikin ya kwana biyu, sannan ya sake dubawa da sabon ido.

Bayan wannan sai bugun gwaji. Kada a taɓa buga kwafi talatin kafin a ga ɗaya. Dabarar da ke rage kashe kuɗi ita ce a yanko ɓangaren fuska, a jera shi sau shida a takarda ɗaya, kowanne da ɗan bambancin haske, a buga, a fita da shi waje a duba a inuwa da hasken rana. Wanda ya fi kyau shi za a bi. A kuma riƙe shago ɗaya da inji ɗaya da takarda iri ɗaya, domin kowane inji da halinsa. Gani ya kori ji.

TAKARDA DA TAWADA

Takardar da muke yin jarrabawa da ita mai nauyin giram 80 ce. Ba ta ɗaukar tawada mai yawa, takan jiƙe ta lanƙwashe, kuma wanda ya riƙe ta ya san ba abin ajiya ba ne. Hoton sayarwa yana son takarda mai nauyin giram 200 zuwa 300. Mai sheƙi tana fito da launi, amma tana kama shatin yatsa, tana kuma ɗaukar ido a ƙarƙashin fitila. Marar sheƙi ta fi natsuwa, sai dai takan ɗan dusashe baƙi. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Ita ma tawada iri biyu ce a ƙananan injuna: akwai ta rini wadda ke narkewa cikin ruwa, akwai kuma ta garin launi. Ta rini ta fi araha, amma rana tana cinye ta da wuri. A garin da zafi ke haura maki 40 a watan Afrilu, ga kuma ƙurar hunturu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A tambayi mai shago wace iri yake amfani da ita. Kowane hoto a sa shi a leda mai tsabta da kwali a bayansa, kada a baje shi a rana, kuma a gaya wa mai saye ya kafa shi nesa da taga.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Mu Hausawa ba a koya mana ciniki, amma yaro mai zumuɗi yakan manta da lissafi. Ga misali kawai, kowa ya sa farashin da ya tarar. A ce bugu ɗaya tare da leda da kwali ya ci sefa 1,000. Kwafi 30 sun zama 30,000. A ce kuɗin teburi 10,000, sufuri da abinci 5,000. Jimla 45,000. In ana sayar da ɗaya 2,500, sai an sayar da 18 kafin a mayar da uwar kuɗi. Daga na 19 ne riba ke farawa, kuma ba a ma sa ladan kwanakin da aka yi ana zanen ba.

Saboda haka a fara da kaɗan: zane biyar ko shida, kowanne kwafi kaɗan. A yi ƙanana masu girman kati domin ɗalibai, da manya ƴan kaɗan domin masu hali. A rubuta farashi a fili, a tanadi canji, a sa hannu a kowane kwafi. A kuma riƙe ɗan littafi a rubuta abin da aka saya da abin da aka ɗaga aka aje. Wannan littafi shi ne malamin da ya fi mu.

ZANEN ARO

Yanzu sai maganar da ta fi nauyi. Naruto ba na ɗanmu ba ne. Na Masashi Kishimoto ne da kamfanin Shueisha da ya fara buga shi a 1999. Haka Goku, na marigayi Akira Toriyama ne wanda ya rasu a 2024. A Japan, kamfanoni sukan kau da kai ga ƙananan masoya masu sayar da kwafi kaɗan a wurin taro. Amma kau da kai alfarma ce, ba haƙƙi ba ne, kuma mai abu yana iya hanawa ran da ya ga dama. Wanda kuma ya sauko da zanen wani daga intanet, ko ya bi sawun layinsa, ya buga ya sayar, wannan sata ce ƙarara. Hoton da na'ura ta ƙirƙira ma, tarurruka da dama sun hana baje shi a layin masu zane.

Chadi tana da dokar kare haƙƙin mawallafa, mai lamba 005 ta shekarar 2003, da ofishin BUTDRA mai kula da ita. Tana kuma cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Dokar da ta hana ɗanmu cin gumin wani, ita ce za ta hana wani cin nasa, amma fa a kan abin da ya ƙirƙira da kansa.

Ba muna cewa a daina zana jaruman Japan ba ne. Da kwaikwayo ake koyon kowace sana'a, kuma su ne ke jawo matasa zuwa teburi. Amma kayan aro ba ya rufe katara. A taron Legas, masu zana Naruto ba su ƙirguwa, wasunsu kuma sun fi ɗanmu kayan aiki. Abin da ba su da shi, shi ne abin da yake gani kullum: masunta a kogin Shari, da gidajen Gaoui masu ado a bango, da tukwanen mutanen Sao, da Masallacin Sarki Faisal da almuru, da mai shayi da mai tsire, da ɗan dambe ya ɗaure hannu, da ayarin kakanninmu da suka ratso ƙasar nan a ƙafa za su Makka, wasu suka yada zango har ya zama gida. Ga kuma duwatsun Ennedi, inda mutanen da suka yi zane a jikin dutse, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016.

Wasu sun riga sun nuna hanya. Marguerite Abouet ta rubuta labarin unguwarsu a Abidjan, Clément Oubrerie ya zana, aka sami Aya de Yopougon a 2005, ya ci kyauta a Angoulême a 2006. Roye Okupe, haifaffen Legas, ya ƙirƙiro Malika, jarumar da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. In ɗan Legas ya ga dukiya a tarihinmu, me zai hana ɗan Bahaushe ya gani?

KIRA GA IYAYE DA MALAMAI

Mun san akwai iyayen da abin da ke damunsu shi ne hukuncin zana abu mai rai. Wannan fage ne na malaman addini, kowa kuma ya san wanda yake tambaya. Abin da za mu ƙara kawai shi ne, fasahar nan tana da faɗi. Akwai zayyana irin ta allo, da rubutun Larabci mai ado, da dagi, da aska takwas ta gaban riga, da gine-gine, da taswira, da faɗuwar rana a bakin kogi. Duk waɗannan ana buga su, ana kuma sayensu.

Ko yaron da bai zama mashahurin mai zane ba, in ya iya auna hoto, da gyara launi, da shirya fayil domin maɗaba'a, ya sami abin yi. Katin biki, da kalanda, da bangon littafi, da allon shago, da tambarin kwalba, duk wannan ilmi suke nema.

Don haka muna roƙon iyaye, maimakon a ƙwace waya a fasa, a yi yarjejeniya: karatu tukuna, zane daga baya. Uban da ke da hali ya biya wa ɗansa ko ƴarsa kuɗin bugun gwaji ɗaya, ya ga abin da zai fito. Muna kira ga ƴan'uwanmu malamai su keɓe teburi guda a bikin ƙarshen shekara domin ɗalibai masu zane. Ƙungiyoyinmu na Hausawa kuma, in za a buga kalanda ko katin taro, a fara tambayar ko akwai ɗan gida da ya iya. Ku kuma matasa, ku haɗa kai ku uku ko huɗu, ku raba kuɗin teburi da na takarda, ku riƙa duba wa juna aiki ba tare da jin haushi ba.

Allah Ya yi wa ƴaƴanmu albarka, Ya sa abin da ke hannunsu ya amfane su, ya amfane mu baki ɗaya. Amin.